Daga dilar auduga zuwa lambar NAFDAC: yadda muka yi rajistar ƙyallen rauni a Kano

Audugar asibiti da bandeji da ƙyallen goge rauni, wanda ma'aikatan jinya ke kira goz, duk doka ta sa su a sahun kayan aikin likita, sahu ɗaya da sirinji da na'urar gwajin sukari. Wanda zai sarrafa su ya kai kasuwa sai da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna da irin waɗannan kaya. Mu ƙaramar masana'anta ce a Sharaɗa. Muna sayen gurzajjiyar auduga daga wajen Funtuwa, mu dafa, mu wanke, mu shiɓe, mu naɗe. Ƙyallen kuma mu yanka, mu ninke, mu rufe a leda, mu turara da tururi don kashe ƙwayoyin cuta. Abin da muka gano a wannan hanya shi ne cike fom a intanet ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne a ɗauki leda ɗaya daga cikin kwali, ka iya faɗin dilar da audugarta ta fito, da ranar da aka dafa ta, da wanda ya tsaya a kan tukunya, da shagon da sauran 'yan'uwanta suka tafi, kuma kowace magana da takardarta.

Kafin a taɓa shafin hukumar akwai takardu biyu da babu makawa sai da su: rajistar kamfani ta CAC, da shaidar rajistar sunan kaya daga ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya. Ta biyun ce ke jan lokaci, don haka a fara nemanta tun ana gini. Kada a buga leda da kwali da suna kafin a tabbata sunan ya tsira, domin idan wani ya riga ka, duk abin da ka buga ya zama na juji.

Daga nan sai tantance ajin kaya. Ana raba kayan aikin likita aji huɗu gwargwadon haɗarinsu, A da B da C da D. A shi ne mafi sauƙi, D kuma irin su bawul ɗin zuciya da ake dasawa a jiki. A nan mutane ke tuntuɓe, domin ba surar kaya ake dubawa ba, abin da ka ce za a yi da shi ake dubawa. Ƙyallen da aikinsa rufe rauni da tsotse ruwansa yana ajin A. Wannan ƙyallen dai, idan ka rubuta a jikinsa cewa na shiga cikin jiki ne lokacin tiyata, ya haura zuwa B, kuma likitan tiyata zai nemi a saƙa masa zaren nan mai sinadarin bariyom wanda hoton ƙashi ke nunawa idan an manta shi a cikin mutum. Mu mun tsaya a kan na rufe rauni, muka cire kalmar tiyata daga duk takardunmu, har da takardar farashi da ake ba dillalai. Jimla ɗaya ta bayanin amfanin kaya ita ce ke jan ragamar komai, kuma dole ta zama iri ɗaya a fom da lebul da kundin kaya.

Shigar da buƙata ana yin sa ne ta NAPAMS, shafin rajista na hukumar, a biya kuɗi ta Remita, a ɗora takardu. Kowane kaya da tasa buƙatar: auduga daban, ƙyalle daban. Wannan aikin yini ɗaya ne ga wanda takardunsa suka cika.

Inda watanni suka tafi shi ne gyaran ita kanta audugar. Ɗanyar auduga ba ta shan ruwa, saboda kakin da Allah ya halitta a jikin zarenta. Jefa ta a bokiti ka dawo bayan azahar, tana nan tana yawo a sama. Sai an dafa ta da soda mai ƙarfi kakin ya narke, a faranta ta da haidirojin feroksaid, a ɗauraye, a kashe ragowar sodar da ɗan asid, a sake ɗauraye, sannan a busar. Kundin ƙa'idojin magunguna na Birtaniya da na Turai sun ajiye ma'aunin da za a gane an yi aikin ko ba a yi ba, kuma gwajin farko kowa zai iya yinsa a kan teburi. Ana saƙa ɗan kwando na wayar tagulla, tsayinsa santimita 8, faɗinsa 5, a zuba masa auduga giram 5 ba tare da dannawa ba, a sake shi a kwance daga tazarar milimita 10 a kan ruwa mai zafin kusan digiri 20, a danna agogo. Ana so ya nutse cikin daƙiƙa 10 ko ƙasa da haka. Sai a ɗago shi, a bar shi ya tsane na daƙiƙa 30, a auna: kowane giram na auduga ya riƙe ruwa aƙalla giram 23. Sau uku ake yi a ɗauki matsakaici. Zubin da aka gaggauta dafa shi, za ka ga kwandon ya tsaya a saman ruwa, gefe ɗaya ya jiƙe ya yi duhu, ɗaya gefen fari fat, yana juyawa a hankali kamar ba zai nutse ba. Idan ka ga haka kada ka tsaya jiran sakamakon sauran gwaje-gwaje, mayar da zubin tukunya.

Sauran ma'aunan na ɗakin gwaji ne: abin da ke narkewa a ruwa kada ya wuce kashi 0.5 cikin ɗari, danshi kada ya wuce kashi 8, toka bayan ƙonawa kada ta wuce kashi 0.4. Tokar ce ta fi ba mu wahala, kuma laifin na ruwa ne. Ruwan burtsatsenmu yana da gishirin ƙasa, yana zama a jikin zare komai yawan ɗauraya. Gaskiya ma ƙara ɗauraya da shi ƙara tokar yake yi. Sai da muka sa matatar tausasa ruwa a layin ɗaurayar ƙarshe, muka kuma buɗe littafin auna ruwan kowace safiya. Akwai kuma gwajin kumfa, wanda ke tona ragowar sabulu, da gwajin fitilar ultrabayolet mai tsawon zango nanomita 365. Wannan na ƙarshen ya kamata masu sayen saƙaƙƙen ƙyalle daga masaƙa su kula da shi. Masaƙa ta saba zuba sinadarin ƙara haske don yadi ya yi farin da mai saye ke so a Kantin Kwari, amma a kayan rauni ba a yarda da shi ba, kuma a ƙarƙashin fitilar yana walƙiya shuɗi shar. Haka ma sitaci da ake shafa wa zaren tsaye don kada ya tsinke a masaƙa: ɗiga ruwan aidin a ruwan da aka jiƙa ƙyallen, idan ya yi shuɗi, ba a wanke sitacin ba. Duk bandir ɗin da ya shigo mana yanzu, ana yi masa waɗannan biyun da ƙirgen zare a kowane murabba'in santimita kafin a sauke shi daga wurin keɓewa.

Tsarin ingancinmu mun gina shi a kan ISO 13485 na 2016, wanda shi ne ma'aunin duniya na masu ƙera kayan likita, da ISO 14971 na tantance haɗari. Sunayen suna da nauyi a baki, amma abin da suke nema a fili yake: rubuta yadda kake aiki, yi yadda ka rubuta, ajiye shaidar ka yi. Kuskuren da muka ga ya fi yawa, mu ma mun fara da shi, shi ne kwafo rubutaccen tsarin aiki na wata masana'anta. Takarda ta ce ana share ɗakin ninki sau uku a yini da wani sinadari, alhali sau biyu ake yi da wani daban. Jami'in duba ba zai tambayi manaja ba, mai sharar zai tambaya. Mun zauna da kowane ma'aikaci a bakin injinsa, ya faɗi yadda yake yi, aka gyara abin gyarawa, aka rubuta da Turanci don kundin hukuma, aka manna fassarar Hausa a bango inda ido zai kai.

Ginin ma sai da aka taɓa shi. Dole kaya su bi hanya ɗaya, daga ƙazanta zuwa tsabta, kada ɗanyar auduga ta haɗu da wankakkiya a ƙofa ɗaya. Ɗakin ninki da rufe leda muka mayar da shi ɗaki mai tacacciyar iska a matakin ISO 8, wato ƙwayoyin ƙura masu girman rabin maikiron zuwa sama (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) kada su wuce 3,520,000 a kowace mita kubik ta iska. Adadin kamar da yawa, amma wanda ya san hunturun Kano ya san ba wasa ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu matatar farko kan toshe cikin 'yan kwanaki, matsin iskar ɗakin ya faɗi, ƙurar waje ta fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Saboda haka jadawalin wanke matata na hunturu daban ne da na damina, kuma akwai ma'aunin matsi a bakin ƙofa da ake rubuta karatunsa safe da yamma. Ita kanta audugar tana zubar da burɓushi, don haka injin shiɓa bai kamata ya haɗa iska da ɗakin ninki ba ko kaɗan.

Wanda zai rubuta a leda cewa kayansa ba su da ƙwayar cuta ya ɗauko babban alkawari. Ma'anarsa a wannan fanni ita ce yiwuwar samun ƙwaya mai rai kada ta wuce ɗaya cikin miliyan. Mun zaɓi tururi a kan iskar etilin oksaid, domin auduga na jure zafi, ita kuwa iskar tana maƙalewa a zare, sai an yi kwanaki ana shan iska sannan a auna ragowarta. Tukunyarmu mai zuƙe iska ce kafin ta saki tururi, digiri 134 na aƙalla minti 3. Abokin gabar tururi shi ne iskar da ta ɓuya a tsakiyar ƙyalle, domin inda iska ta tsaya tururi ba ya shiga. Shi ya sa kowace safiya kafin kayan farko ake gwajin Bowie-Dick: takarda mai canza launi a tsakiyar ƙunshi, idan ta fito da fari-fari a tsakiya, tukunya ba za ta yi aiki ranar ba sai an gano inda take shan iska, galibi robar ƙofa ce. Tabbatar da tsarin kuma sai da aka yi zubi uku a jere, da ma'aunan zafi a lunguna daban-daban na tukunyar cike da kaya, da 'yan kwalaben gwaji masu ɗauke da ƙwayar Geobacillus stearothermophilus, mai tsananin jure zafi, a wuraren da suka fi wuyar zafi. Bayan an fito da su a ajiye su a ɗumin digiri 55 zuwa 60, idan ko ɗaya ta tsiro, zubin ya faɗi.

Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar turarawa, wannan zagayen ya mutu. Ba a ci gaba daga inda aka tsaya. A rubuta shi a matsayin kaucewa daga tsarin aiki, a keɓe kayan, a duba ledojin ko sun jiƙe. Ledar da ta fito da danshi ba a sayar da ita, domin jiƙaƙƙiyar takarda ƙofa ce ga ƙwayar cuta. Mun ɗora tukunya da injin liƙe leda a kan janareta kai tsaye duk lokacin aiki, man da ake ƙonawa bai kai asarar zubi ɗaya ba.

Liƙin leda shi ma ana gwada shi: faɗinsa kada ya gaza milimita 6, a ja shi a injin a ga ƙarfinsa, a zuba ruwan shuɗi a ciki a ga ko zai sami hanyar fita. Ranar ƙarewar wa'adi kuwa ba a ƙirƙiro ta. Ana tsufar da leda a ɗakin zafi a kan ƙa'idar cewa kowane ƙarin digiri 10 yana ninka saurin tsufa sau biyu. Wanda ya ɗauki digiri 25 a matsayin zafin ajiya, ya gasa a 55, kwana 137 sun ishe shi ya ce shekara uku. Mu 30 muka ɗauka, lissafin ya kai kwana 194. Kusan wata biyu muka ƙara wa kanmu, amma duk wanda ya shiga siton da ke da rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura 40, ya san 25 ba zafin Kano ba ne. Tare da wannan ana ajiye wasu ledojin a sito na ainihi, ana cirowa ana gwadawa shekara-shekara.

Ranar duba, jami'an sun fara da takardu: jadawalin shugabanci, shaidar karatun masu kula da sarrafawa da inganci, takardun lafiyar ma'aikata, shaidar feshin ƙwari, takardun daidaita sikeli da ma'aunan zafi. Sannan suka zaga. A sito ɗaya daga cikinsu ta sa aka sauko da kwali daga can saman jeri, ta zaro leda ɗaya, ta karanta lambar zubi, ta juya ga mai kula da siton ta ce, "Malam, nuna min tarihin wannan." Ya ce, "To, ranki ya daɗe," ya ɗauko fayil. Ta bi shi shafi-shafi da yatsa: lambar bandir, sakamakon gwajin shigowa, takardar da tukunya ta buga, sa hannun wanda ya saki kaya. Ta tsaya a wuri biyu. An ninke ƙyalle adadi kaza, an rufe ƙasa da haka, bambancin ba a rubuta inda ya tafi ba. Sannan wani ya goge kuskure da farin ruwan gogewa. Duka biyun sun shiga rahoto, kuma da gaskiyarta. Kuskure a takardar aiki layi ɗaya ake ja masa yadda za a iya karanta na farkon, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata. Lebul ma ƙirga shi ake yi: nawa aka karɓo, nawa aka manna, nawa suka lalace, nawa aka mayar. Lebul ɗin da ya ɓace yana iya bayyana a jikin kayan da ba naka ba.

Amsar rahoton duba ba "mun gyara" ba ce. Kowane abu sai ka faɗi musabbabinsa, da gyaran da aka yi, da abin da zai hana ya dawo, da hoto ko takardar shaida. Bayan wannan aka ɗauki samfuri zuwa ɗakin gwajin hukumar, aka duba lebul: sunan kaya, suna da cikakken adireshin masana'anta, lambar zubi, ranar yi da ranar ƙarewa, girma da adadi, alamar an turara, alamar amfani sau ɗaya, gargaɗin kada a yi amfani idan leda ta huje, da gurbin lambar rajista. Takardar rajista ta shekara 5 ce. Ba ta ƙunshi izinin talla ba. Wanda zai sa sanarwa a rediyo sai ya nemi wannan izinin daban.

Daga ranar da lamba ta fito wani nauyin ya hau. Duk ƙorafi, ko ta waya ya zo, ko direba ya jiyo shi a bakin shago, yana shiga littafi da lambarsa, a bincika, a yanke ko na kai wa hukuma ne. Wa'adin da muka rubuta a tsarinmu shi ne wanda tsohuwar ƙa'idar Tarayyar Turai ta shimfiɗa: kwana 2 idan abin barazana ce ga lafiyar jama'a, kwana 10 idan an yi rashi ko mummunan rauni da ba a zata ba, kwana 30 ga sauran. Tarayyar Turai a dokarta ta 2017 ta rage na ƙarshen zuwa 15. Ƙirgen yana farawa daga ranar da wani ma'aikacinka ya ji labari, ba ranar da manaja ya dawo daga tafiya ba, kuma ba a jiran kammala bincike: a tura rahoton farko da abin da ke hannu, cikon ya biyo baya. Abin da bai cutar da kowa ba amma da ya sake faruwa zai iya, kamar kwali guda da liƙinsa ya buɗe, shi ma abin kai rahoto ne. Ma'aikatan asibiti su ma suna da hanyarsu ta kai rahoto ga cibiyar sa ido ta hukumar, don haka wanda ya ɓoye yana iya tarar da labarin ya riga shi isa.

Janye kaya daga kasuwa shi ne inda tsarin cinikinmu na Kano ke gwada mutum. Tun da aka mayar da dillalan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro a kan titin Zariya a 2024, sanin inda babban dillali yake ya yi sauƙi. Amma daga hannunsa kwali na iya kwana a Haɗeja ko Maraɗi, a kan amana, ba rasit. Ba mu da iko da wannan, abin da muke da iko da shi shi ne ƙofarmu: babu kwalin da ke fita sai an rubuta lambar zubinsa a takardar rakiya, kuma mun roƙi manyan dillalanmu su riƙa rubuta lambar a littafinsu idan sun sayar da kwali biyar zuwa sama. Wasu sun karɓa nan take, wasu sai da aka yi ta komawa ana "Alhaji, don Allah a taimaka." Sau ɗaya a shekara muna gwajin janyewa na ƙarya: a zaɓi zubi ɗaya, a ga cikin awa nawa za a gano inda kowane kwali yake. A gwajin farko akwai kwalaye da suka ɓace mana a takarda, da aka bi sawu sai aka tarar samfurin kyauta ne da aka raba wa asibitoci ba a rubuta ba. Yanzu samfurin kyauta ma da takardar rakiya yake fita.

Daga kowane zubi muna ajiye ledoji a kabad mai kulle har wa'adinsu ya wuce, domin idan ƙorafi ya zo su ne abin kwatantawa. Takardun zubi kuma ana riƙe su tsawon rayuwar kayan, kuma ko yaya ba ƙasa da shekara 2 daga ranar da aka sake su ba. Canjin mai kawo ƙyalle, ko takardar leda, ko zafin turarawa, ko wurin masana'anta, ba a yin sa a shiru: a tantance haɗarinsa, a sake gwajin da ya shafa, a sanar da hukuma abin da ya taɓa rajista kafin kaya su fita. Takardar tukunya kuwa, irin mai bugawa da zafi, tana dushewa cikin watanni a yanayinmu har ta koma fara, saboda haka ranar da aka buga ta ake ɗaukar kwafinta a sa hannu a haɗa su a fayil ɗaya.